Kumatuna da Idon Jummai

Sallama gare ku masu karatu. Alfarma ɗaya nake roƙo kafin in fara: duk wadda ta ji tana son zagina ta yi haƙuri ta kai ƙarshe. Akwai wuraren da suka fi cancantar zagi a gaba, kada ta ƙarar da nata tun a bakin ƙofa.

Sunana Zara'u. A shekara ta dubu biyu da goma, shekarar da sojoji suka karɓe mulki kuma daminar baya ta bar mu da kara babu zangarniya, ina aji biyu a lakwal, wato makarantar koyon aikin jinya, a Maraɗi. A duk darussanmu babu wanda na fi iyawa kamar na abinci da gina jiki. Sha bakwai bisa ashirin na ci. Ko daga barci aka tashe ni zan jero muku abinci masu ba da ƙarfi, da masu gina jiki, da masu kare jiki, in faɗa muku abin da rashin kowanne ke jawowa, in koma in kwanta. Ku riƙe wannan sha bakwai ɗin a ranku, don da ita na yi ta hura hanci.

Da watan bakwai ya kama aka turo ni sitaji, wato gwajin aiki, na wata biyu a likitar da ke kusa da ƙauyenmu, cikin karkarar Gidan Amumune. Na sauko daga kabu-kabu da farin bulus ɗin ma'aikatan jinya a ninke cikin leda, da kaye uku na rubutu, da salula mai tocila, ina taku kamar ni na gina likitar.

Gidanmu ba yawa gare mu ba. Baba, sai ƙanwarsa Gwaggo Tanna da ke riƙe da gidan tun rasuwar Inna, sai Jummai matar yayana Cha'ibu, da cikinta wata bakwai. Shi Yaya Cha'ibu ya tafi bidar kuɗi Agadas tun ranar da aka share rumbu da tsintsiya.

Ko ruwa ban sha ba Gwaggo ta kama haɓata ta juya fuskata dama da hagu, kamar mai taya akuya.

“Wagga ce za a kai gidan mutane? Ke Zara'u, a Maraɗin littafi kike ci? Dubi ƙashin wuya, sai a rataya guga.”

“Gwaggo, lafiyata lau. An auna ni, daidai nike.”

“Wanda ya auna ki ba shi zai aure ki ba.”

To, bari in gabatar muku da wanda zai aure nin. Mai Nasara sunansa, magazinye ne na wani furoje na taimakon jama'a a Tasawa, wato shi ke riƙe da makullin ma'ajiyar kayan agaji. Kada wata ta fara tausaya mini ta ce dole aka yi mini. Ni na ba shi lambata da hannuna a tashar Mayahi, har na maimaita masa sau biyu don kada ya yi kuskure. Mutum ne mai shadda da ke iya tsayuwa ko babu kowa cikinta. Turarensa na riga shi sallama. Salula uku gare shi, kuma yana son duka ukun su yi ƙara a gaban mutane. Faransancinsa kuwa, Allah dai ya yafe masa. Amma a shekarar da maza ke sayar da garma su hau mota, namiji mai zuwa zance da farar mota mai eriya ba abin wasa ba ne. Ina son sa, ko kuma ina son motar, a lokacin ban tsaya rarrabewa ba.

Ranar da na iso, da la'asar, mesajinsa ya shigo:

“Slt ma biche. Kin isa lfy? Ki dinga ci sosai. Ni mace mai kumatu nike so, wadda in ta yi dariya ido ya ɓace.”

Na yi dariya, Gwaggo ta ce mene ne, na karanta mata. Wannan shi ne wautata ta farko. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta gyara zama kamar an karanta mata takardar gwamna.

Washegari aka fara aiki. Akuya biyu suka rage mana masu nono, duk abin da aka tatsa nawa ne. Ƙwan zabi uku da safe, nawa. Ranar kasuwar Gidan Amumune a sayo hanta a gasa, tawa. Kunu da man shanu yana yawo a sama, fura mai kauri da rana, wani kunun bayan la'asar. Gwaggo ta sayar da jeren tasoshinta na aure don wannan hidima. Takan zauna gabana da muciya a cinya tana kallon maƙogwarona, in na ajiye ludayi ta ce, “Ɗauki. Ban ji ya sauka ba.” Kowace Juma'a ta zagaya damtsena da zare ta ƙulla, ta rataye zaren a ƙusa. A likita muna auna damtsen yara da tef mai launi don mu gane mai tamowa, a gida kuma ana auna nawa don a gane ko na isa aure.

Sauran gidan fa? Tuwo sau ɗaya a yini, rabinsa anza, waccan ƴaƴan dajin da sai an jiƙa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya ragu. Miyar kuka babu mai, babu nama, gishiri kawai da addu'a. Baba ya ci, Gwaggo ta ci, Jummai ta kankare tukunya.

Jummai ce ke dafa nawa, ita ke kawo mini. Yarinya ce mai sanyin murya, ta girme ni da shekara ɗaya tak, amma ba ta kiran sunana saboda ni ƙanwar miji ce. Likita take ce mini.

“Likita, ga ƙwanki.”

Wata rana ƙwai ɗaya ya fashe a tukunya, na ji Gwaggo daga madafa tana cewa, “Kul kika kai shi baki. Mai ciki ba ta cin ƙwai, ɗa ya hito ɓarawo.”

Masu karatu, a jarrabawa shafi uku na cika a kan wannan camfin. Na yi masa kaca-kaca, malami har ya ja layi ya rubuta très bien a gefe. Amma ranar ban ce uffan ba. Bakina cike yake da gwaiduwa.

Cikin sati uku kumatu suka fara leƙowa. Bulus ɗina ya fara kama ni a hammata. Ina tsayawa gaban madubi in yi dariyar gwaji in ga ko ido ya fara ɓacewa.

Duk cikin sati ukun nan Jummai ke ta yin abin da muka kira shirme. Da rana lafiyarta lau, tana daka, tana ɗebo ruwa. Amma da zarar an kira magariba sai ta zama wata iri. Ta yi ƙwallo da butar Baba. Ta taka kwanon miya. Ta bi darni da hannu tana laluben ƙofar ɗakinta, ɗakin da ta shekara biyu tana shiga. Rannan ta yi karo da turmi har ƙaurinta ya fashe.

Gwaggo ta ce ganganci ne, don kada a sa ta aikin marece. Da abin ya ci gaba ta canza magana ta ce iska ce, yarinyar na ratsa gindin tsamiya da almuru. Aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi har zabi suka bar gidan.

Ni kuwa mai sha bakwai bisa ashirin, ina kan tabarma da kofin kunu, na rubuta wa Mai Nasara:

“Matar yayana ta sake karo da turmi. Turmin ne ya ba da haƙuri.”

Ya amso da dariyarsa ta Faransanci: “Mdr. Ke dai ki ci.”

Nan ne wuri na farko da za ku iya fara zagin. Bismillah.

Majo ɗin likitarmu, wato shugabarta, Madam Tabita ce, Kirista daga wajen Kona, shekararta ashirin tana karɓar haihuwa a yankin. Rabin matasan garin a hannunta suka faɗo, don haka babu wanda take jin nauyi. Tabarau gare ta mai igiya, in ta sauke shi kan hanci ta dube ki ta samansa, ki fara tuno laifinki.

Ranar Talata ranar awon ciki ce. Mata sun cika rumfa, kowacce da katinta a leda. Wata mata daga cikin rugage ta hau gado, Madam ta ja fatar idonta ta duba, ta danna ƙafarta, sannan ta ce, “In rana ta faɗi kina gani?”

“A'a Madam, dundumi nike. Kowane ciki haka nike yi.”

Madam ta juyo gare ni. “Sitajiya. La cause?”

Abin nema ya samu. Na gyara tsayuwa na buɗe baki: rashin bitamin A ne. Ido na buƙatarsa don gani in haske ya ragu, mai ciki kuma ɗan cikinta na jan nasa rabo daga jikinta, shi ya sa abin ya fi kama ta a watannin ƙarshe, musamman lokacin da abinci ya ja baya. In aka bari, ido ya bushe, jiki ya kasa kare kansa daga cuta.

“Mu ba ta jan ƙwayar nan da muke matsa wa yara a baki?”

“A'a Madam, ta yi wa mai ciki ƙarfi, tana iya taɓa ɗan. Ƙaramin awo ake ba ta. Sai abinci: ƴar hanta kaɗan, ƙwai, nono, zogale, manja in an samu.”

“Bravo.” Ta sauke tabarau kan hanci. “Ke dai da alama kina bin maganin sau da ƙafa, ga kumatu nan sun shaida. Matar yayanki fa? Rabona da ita a awo tun cikinta na wata huɗu.”

“Aiki ne ya yi mata yawa, Madam.”

“Ran Lahadi da magariba na biyo ta ƙofarku. Tana tsaye da tulu. Na gaishe ta, ta juya ta amsa wa itacen bedi.”

Matan rumfa suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Ji na yi kamar an kwara mini ruwan randa a ƙeya. Buta. Kwanon miya. Turmi. Duk abin da na gama jerowa yanzu da Faransanci da Hausa yana yawo a tsakar gidanmu sati uku, yana kawo mini ƙwai da safe.

Madam ta miƙa mini katin matar ta ce in cika. Sau biyu ina ɓata kwanan wata.

Da na koma gida ban cire bulus ba. Na jira aka kira magariba, Gwaggo ta shiga salla, na sami Jummai a madafa tana laluben murfin tukunya. Na tsaya taku huɗu daga gare ta na ɗaga hannu.

“Jummai, yatsa nawa?”

Ta juyo wajen muryata tana murmushi. “Likita, wasa kike so?”

“Nawa?”

“Biyu?”

Hannuna a buɗe yake, biyar cif. Na ja ta bakin murhu na kunna tocilar salula na ja fatar idonta. Fari fat, kamar takardar kaye. Tafin hannunta ma haka. Ba dundumi kaɗai ba, jinin ma babu. Kuma na san abin da ke samun macen da ta shiga naƙuda da irin wannan jinin, don shi ma na ci makinsa a jarrabawa.

“Tun yaushe?”

“Ya kai wata. Dundumi ne ai, na sani. Innata ma tana yi. In na haihu zai wuce.”

“Kin sani? To don mi ba ki gaya mini ba? Ba likita kike ce mini ba?”

“Na ga kina da naki aikin.”

“Wane aiki?”

“Cin abincin.”

Wallahi babu gatse a muryarta. Da gatse ne da na ji sauƙi, sai mu yi faɗa in huce. Ita tsakaninta da Allah ta ɗauka aiki ne aka ba ni, kamar yadda aka ba ta daka.

Washegari na ce wa Gwaggo Madam Tabita ta ce duk mai cikin da ba ta zo awo ba za a kai sunanta wurin sojoji. Ƙarya ce tsagwaronta, amma a shekarar nan in kika ce soja ko akuya sai ta nutsu. Aka ɗora Jummai a amalanke. Madam ta duba ta, ta ba ta ƙwayoyin ƙarin jini da ƙaramin awon bitamin ɗin, ta ce ta dawo bayan sati biyu. Sannan ta dube ni ta saman tabarau.

“Ƙwaya tawa ce. Tukunya taku ce.”

Sai na koma ɓarauniya a gidan ubana. Na ce wa Gwaggo idonta ne ke hana abincin kama ni, a Maraɗi an koya mana cewa in ana kallon mutum yana ci, abincin ba ya zama. Ta yarda, tunda daga lakwal maganar ta fito. Na koma ci a ɗakin Jummai, ƙofa a saye. Nono nata, hanta ƴar yanka biyu ranar kasuwa tata, na roƙo zogale a garkar maƙwabta ina kwaɗa mata da ƙuli. Ni in ci tuwon anza. Ranar farko da na kai shi baki sai da hawaye ya zubo mini. Abin da suke haɗiya ke nan ina gefe ina gwajin dariya a madubi.

Ƙwai ne ya ba mu wahala. Ta riƙe shi a hannu kamar garwashi.

“Likita, in ya hito ɓarawo fa?”

“In ya hito ɓarawo ni zan riƙe shi. Ni na ci ƙwai ya fi sittin a gidan ga, kin ga ai ni ce ɓarauniyar, ba shi ba. Ci.”

Ta rufe ido ta haɗiye.

Kwana na shida, bayan magariba, ina ratsa tsakar gida sai na ji ta daga ƙofar ɗakinta can nesa: “Likita, zanenki a juye kika ɗaura shi.”

Na duba. A juye yake. Na tsaya a wurin ina dariya ina share ido da gefen zanen, ita kuma tana tambayata ko lafiya.

Amma zaren Gwaggo ba ya ƙarya. Juma'a ta farko ta zagaya damtsena ta yi tsaki ta ce zaren ne ya saki. Juma'a ta biyu ta rataye zaren a ƙusa ta fita. Ran Asabar da safe muna tsaka da karyawa ƙofa ta buɗe. Jummai na riƙe da rabin ƙwai, gwaiduwa a leɓe. Ni ina riƙe da ɗumamen anza.

Gwaggo ta saki salati tun daga farkonsa.

“Tasoshina! Tasoshin aurena na kai kasuwa don in cika cikin matar Cha'ibu? Ke Zara'u, ni za ki maida mahaukaciya?”

“Gwaggo, ba ta da jini. In ta shiga haihuwa haka...”

“Mu da muka haihu da jinin wa muka haihu? Ke kin leƙa rumbu kuwa? Kin ga abin da ke ciki? Ɓera ma ya yi ƙaura! Yayanki wata huɗu ko bip a salula bai yi ba. Auren ga shi ne gonarmu ta bana. In mutumen ga ya dube ki ya ga ƙashi ya juya, mi za mu ci, takardar lakwal ɗinki?”

Zan so in ce muku na ba ta amsa mai zafi. Ban ba ta ba, don ba ƙarya ta yi a kan rumbun ba. Baba ne ya yi gyaran murya daga zaure, mutumin da sai ya yini bai yi jimla uku ba.

“Tanna. Abin da ke cikin yarinyar ga jikana ne. A bar ta ta ci.”

Gwaggo ta fita tana huci. Na ɗauka an gama. Ashe wurin mai cajin salula ta nufa, ta sa aka kira mata Mai Nasara, ta gaya masa amaryarsa na zubewa, gida babu abin kirki.

Washegari Lahadi da la'asar farar mota ta tsaya ƙofar gida. Turare ya yi sallama, sannan shi. Shadda ruwan toka, hula ta zauna a gefe, salula biyu a hannu, ɗaya a aljihu. Ni kuma Gwaggo ta tilasta mini atamfa mai ganye da ta fi ni faɗi, ta cusa mini ɗankwali biyu a ƙugu don a ga alamar mutum. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure.

Ya dube ni sama da ƙasa. “Ma biche, an ce kin yi rejim, duk kin zube.”

“Zafi ne.”

“Ba komai. Na zo da solisyon.”

Ya fita ya buɗe bayan mota ya dawo da katon a kafaɗa, ya dire gabana kamar wanda ya kawo lefe. Ya farke bakin da makullin mota. Ƙananan ƙunshi ne ja da fari, jere reras.

Ko a mafarki na san su. Gyaɗar likita ce, wadda mata ke kira biskit, wadda muke ba yaran da tamowa ta kai su ja a tef. Ɗari da hamsin ne a katon, kuma katon guda shi ne maganin yaro ɗaya tun daga ranar da aka kawo shi kamar tsumma har ranar da zai tashi ya yi gudu. A satin nan kwananmu tara babu ko ƙunshi ɗaya a likita. Kullum sai mun auna yara, mu rubuta, mu ce wa iyayensu mota ba ta zo ba, su dawo. Wata ta yi tafiyar awa uku a rairayi da ɗanta a baya, ni da bakina na ce mata ta dawo Alhamis.

Gwaggo da ke laɓe ta rangaɗa guɗa.

“Biyu da safe, biyu da marece,” in ji shi. “Wata guda ba za ki gane kanki ba. Matan manya a Tasawa duk shi suke sha.”

“Wannan ba na yara ba ne?”

“Ragowa ce, ma biche. Takarda ta riga ta ce an raba.”

“A likitarmu kwana tara babu.”

Ya yi dariya, salularsa ta yi ƙara, ya duba ya kashe. “Ke kin cika tausayi. Ƴaƴan ƙauye sun saba, haka suke girma. Ke ki kula da kumatuna.”

Kumatunsa. Har sun zama nasa.

Kun san abin da na yi? Murmushi na yi na ce na gode, Allah ya ƙara buɗi. Na raka shi har mota. Ga wuri na biyu na zagi, ga kuma na uku: da ya tafi na shige ɗaki da katon ɗin na zauna ina kallonsa har aka kira magariba. Na tuna gidan da ya ce ya gina a Tasawa, mai famfo a tsakar gida da lantarki. Na tuna rumbunmu. Na ce wa kaina katon ɗaya ne, ko na mayar ba zai cika likita ba. Har ƙunshi ɗaya na ɗauka na juya shi a hannu ina jin laushinsa. Abin da ya sa na mayar ba wani imani ba ne. Fuskar matar Alhamis ce ta ƙi barin idona, da yadda ta ce “to” ba tare da ta yi gardama ba, ta gyara goyo ta juya.

Da safe na naɗe katon ɗin a tsohon zane na ce wa Gwaggo a likita zan dinga sha, don kada ƴan unguwa su sa mini ido. Ta ce na fara hankali. Na tare kabu-kabu na ɗora shi a cinya.

Madam Tabita na shara a ofis na shiga na dire shi kan tebur na kwance zanen. Ta dubi katon, ta juya shi ta karanta lambar da ke gefe, ta ɗaga wata takarda a aljihun tebur ta gwada. Sannan ta zauna.

“Wannan namu ne. Cikin waɗanda aka rubuta an kawo mana wancan watan. Wa ya ba ki?”

Na sunkuyar da kai.

“Magazinye mai turare?”

Na ɗago da sauri. “Madam, kin san shi?”

“Ɗiyata, a garuruwan da nike zagayawa rigakafi kaɗai, ke ce ta uku da ya kai wa katon bana. Ɗaya a nan bayan kasuwa, ɗaya a hanyar Mayahi. Na ga ledojin a bolarsu.” Ta sauke tabarau. “Su biyun sun yi kumatu, tubarkalla. Ke ce ta fari da ta maido.”

Na zauna a benci. Wato ko a satar ma ba ni kaɗai ba ce. Ina ta fama da zuciyata a kan kyautar da ake rabawa kamar katin biki.

Madam ta kira mai gadi ta ce ya hau keke ya gaya wa matar nan ta Alhamis kada ta jira Alhamis. Sannan ta zaro farar takarda ta ajiye gabana.

“Ni na daɗe ina rubutawa sama cewa kaya ba sa isowa, ana ce mini tsufa ne ya sa ban iya ƙirga ba. Ba ni da shaida. Yanzu ga katon, ga wadda aka ba. In kin rubuta wanda ya ba ki da ranar, zan haɗa da tawa in aika. Amma ki sani, zamanin ga na soja ne, in takarda ta tafi ba ta dawowa. Kuma mutumen yana da mutane. In ba ki iyawa, ɗauki zanenki ki tafi wurin awo, ban ga komai ba.”

Salulata ta yi ƙara a aljihun bulus. Na ciro.

“Bjr ma biche. Kin fara sha? Albishir: jibi kawunnaina za su zo wurin Baba a tsaida rana. Ki yi kwalliya.”

Na karanta sau biyu. Ta taga ina hango rumfa ta fara cika, mata na kwance goyo, ana jera yara a kan tabarma. Na kife salular a kan tebur.

“Madam,” na ce, “ara mini bik ɗinki in rubuta.”